Hoton Daji a Adabin Bakan Hausa: Tarke Daga Unguwar Gema, Tsakanin Paraku da Jugu

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban adabin baka sun saba da a feɗe musu tatsuniya gida-gida: ga jigo, ga salo, ga zubi da tsari, ga taurari. Idan aka zo kan wurin da labarin ya auku, sai a ce ai ko dai gari ne ko kuwa daji, a wuce gaba. Wannan takarda za ta tsaya a kan dajin nan da ake tsallakewa, domin a ga irin kamannin da tatsuniya da karin magana da maganganun yau da kullum suka ba shi, sannan a auna waɗannan kamanni da halin da wani daji na zahiri yake ciki.

Irin wannan nazari shi ake kira tarken muhalli. Wani Ba'amurke mai suna William Rueckert ne ya raɗa masa suna a 1978, ya kuma kankama a jami'o'i bayan littafin da Cheryll Glotfelty da Harold Fromm suka tace a 1996. Abin da mai wannan tarke yake nema a matani shi ne abin da matanin ya ɗauka game da ƙasa da ruwa da itace da dabba, ya wuce bai faɗa ba, saboda a ganinsa kowa ya sani.

Abin da takardar ke son nunawa shi ne, adabin bakan Hausa ya san itatuwa da namun daji ɗaya bayan ɗaya, sani na ƙwarai, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa dajin kansa zai iya ƙarewa ba. An gina shi a zamanin da gari yake tsibiri a tsakiyar daji. A wurare da yawa yau dajin ne ya koma tsibiri a tsakiyar gonaki. Duk ɗalibin da zai fassara sanarwar kiyaye muhalli, ko ya shirya ta a rediyo, ko ya koyar da ita a aji, da waɗannan tsofaffin kalmomi zai yi aiki, saboda haka wajibi ne ya san kayan da kowace kalma ta ɗauko.

2.0 Gema da Dajin da ke Kewaye da Ita

Gema, wadda Faransawa ke rubutawa Guéma, unguwa ce a arewacin birnin Paraku na Jamhuriyar Benin, a kan hanyar da ta nufi Malanbil da iyakar Nijar. Tana da kasuwa, masu cinikin shanu kuma sun san sunanta. Paraku ita ce babban birnin yankin Borgu, ƙidayar 2013 ta ba ta mutum sama da 255,000. Jugu kuwa tana yamma maso arewa da ita, tafiyar kilomita 130 da 'yan kai, ita ce babban birnin yankin Donga.

Bahaushe ba ɗan ƙasa ba ne a nan, ɗan zango ne. Ƙasar ta Batonu ce da Yom da Lokpa da Fulani da sauransu, harshen kasuwa kuma tun da daɗewa Dandanci ne. Abin da ya kawo Hausawa shi ne fataucin goro. Ayarin da ya taso daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja yakan haye Kwara, ya biyo ta Nikki da Paraku da Jugu. Mahdi Adamu a 1978 da Paul Lovejoy a 1980 sun yi cikakken bayanin wannan hanya. Bayan da Ingila da Faransa suka raba Borgu a 1898, jirgin ƙasa kuma ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, sai ayarin jakuna ya mutu, amma zango ya rage. Har yau akwai unguwar Zango a Paraku, kuma ana samun Hausawa a cinikin dabbobi da fawa da sayar da magungunan gargajiya.

Wanda ya tashi daga Paraku zuwa Jugu zai haye kogin Weme a garin Beteru. A hannunsa na dama akwai keɓaɓɓen dajin Weme ta Sama, mai faɗin hekta kusan 177,000. A hagu akwai na Wari-Maro, mai hekta fiye da 100,000, bayansa kuma na Duwatsun Kufe, mai kusan 180,000. Faransawa ne suka keɓe su a shekarun 1940 da 1950. Yawancin dajin na doka ne, ga madobiya da kawo da maɗaci da marke da ƙirya, a bakin rafuka kuma ga kurmi mai duhu.

Abubuwan da ke cin wannan daji sanannu ne. Na farko noman doya, domin doya sabuwar ƙasa take so. Manomi yakan kunna wuta a gindin itatuwa su bushe a tsaye, doya ta hau su, bayan 'yan shekaru ya matsa gaba, tsohon wurin kuma ya koma gonar kashu ko auduga ko waken suya. Masu binciken Jamus na shirin IMPETUS sun bi diddigin wannan a shekarun 2000, suka nuna yadda baƙin manoma ke kafa sababbin ƙauyuka da zarar an gyara hanya a gefen dajin. Na biyu gawayi, wanda buhunansa ke jere a bakin titi suna jiran motar birni. Na uku katako. Kasuwar Sin ta yi wa madobiya irin wawar da ta sa aka shigar da ita cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin haɗari, abin da ya fara aiki a Janairun 2017, a 2022 kuma aka dakatar da fitar da ita daga ƙasashen yankin. Na huɗu kiwo, domin da rani makiyayi yakan sassare rassan madobiya da kawo da maɗaci ya ba shanu ganye. Sai gobarar daji, sai kuma birni da kansa, mai yanka filaye yana matsawa.

Ɗan zango ba ya noman doya, ba safai kuma yake riƙe gatari ba. Amma saniyar da ya saya ta ci ganyen kawo, tsiren da ya gasa, wanda a can ake kira cacanga, da itace ko gawayi ya gasu, sassaƙen maɗacin da ya baza a tabarma kuma daga jikin wani itace aka ɓamɓaro shi. Ta hanyar kasuwa hannunsa yake isa daji.

3.0 Kalmomin Daji

Tarke yana farawa daga kalma. Idan aka dubi yadda Hausa ke amfani da daji da dawa da jeji, za a ga cewa a mafi yawan lokuta ana auna su ne da gida. Dabbar da ba ta da sunan kanta sai a ara mata na dabbar gida a liƙa mata daji: raƙumin dawa, jakin dawa, kyanwar daji, aladen daji. Dukkansu kuma namun daji ne, wato tun suna numfashi an riga an kira su da sunan abin da za su zama a tukunya. Wannan ba Hausa kaɗai ke yi ba, harsunan Afirka da dama suna haɗa dabba da nama a kalma guda, amma yawan masu yi bai hana kalmar yin aikinta a zuciyar mai magana ba.

Haka nan, cutar da ke cin jiki ba ta san iyaka ba, ita aka sa wa suna ciwon daji. Wanda aka ce ya shiga daji a cikin zance, ya ɓata hanya ke nan. Shi kuwa sare daji, kalmomin yabo ake ba shi: an yi sassabe, an share, an gyara. Tarihin kafuwar garuruwa da yawa da maharbi yake farawa, wanda ya zo ya kashe abin tsoro, ya sare wuri, jama'a suka biyo shi. Fiƙihu ma ya zo da nasa lafazin, inda ake kiran ƙasar da ba mai ita matacciya, wanda ya nome ta kuwa a ce ya raya ta, ya kuma mallake ta da wannan rayawa. Abin lura a nan shi ne, wurin da masanin halittu zai ce ya fi ko'ina cika da rai, shi ne harshe ya kira matacce.

Akwai wata kalma da ta cancanci a dakata a kanta, ita ce dokar daji, ma'ana tsakiyar ƙungurmin daji inda babu kowa. Alamu sun nuna cewa daga itacen doka ta samo asali, itacen da masana tsirrai ma suka ari sunansa na Hausa suka kira shi Isoberlinia doka. Fataken da suka ratsa tsakanin Paraku da Jugu, dokar daji suka ratsa a zahiri, domin doka ce ta rufe ƙasar. A rubutun boko kalmar ta yi daidai da doka ta hukuma, sai dai kunne yana raba su da karin sauti. Ɗalibin da ya rubuta "dokar daji" a takardar fassara ya kamata ya san cewa mai karatu yana iya jin abu biyu, wato wurin da ba hukuma da kuma hukuncin da hukuma ta ɗora wa wurin.

4.0 Daji a Tatsuniya

Tatsuniyoyin da za a duba sanannu ne a bakin mata da yara, ana kuma samun ire-irensu a tarin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da na A. J. N. Tremearne na 1913, da na R. S. Rattray na wannan shekarar. Na Rattray yana da muhimmanci na musamman a nan, domin a ƙasar Gana ta yau Malam Sha'ihu ya rubuta masa shi, wato adabin 'yan zango ne, irin wanda ya bi hanyar goro.

4.1 Daji a Matsayin Rumbu

Da yawa daga tatsuniyoyin Gizo da yunwa suke buɗewa. An yi fari, gari ba abinci, sai Gizo ya nufi daji. Duk lokacin da ya je kuwa sai ya samo: ko 'ya'yan itace, ko zuma, ko hatsin da ya ranto wurin giwa da dorina ya kuma haɗa su jan igiya don kada ya biya. Yunwa a tatsuniya ta gari ce. Mai ba da labari ba ya kai ta daji. Wannan ya dace da abin da mutane suka sani, domin a shekarun fari da ganyen daji da saiwoyi da 'ya'yan itace ake kai rai. Amma sakamakonsa a adabi shi ne, daji ya zama rumbun da ba wanda ya cika shi, ba kuma wanda ke tambayar saura nawa.

4.2 Gizo da Hankaki

A wannan tatsuniya hankaki suna da wani ɓaure a tsakiyar ruwa. Gizo ya roƙe su, kowanne ya ara masa gashi, ya tashi tare da su. Da aka isa, duk ɗan ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan itace, ruwa ta ko'ina.

Yawanci akan ce jigon shi ne illar haɗama, kuma haka ne. Sai dai mai tarken muhalli zai ƙara tambaya: wa Gizo ya yi wa laifi? Hankaki ya yi wa, abokan tafiya da ya hana rabonsu. Ɓauren bai yi asarar komai ba, labarin bai ma waiwaye shi ba. Haɗama a nan laifi ce tsakanin masu ci, ba ta shafi abin da ake ci ba. Da Gizo ya raba daidai, da an cinye ɓauren tas an koma gida lafiya, tatsuniya kuma ba za ta ga aibu ba. Wannan ita ce iyakar tarbiyyar da mafi yawan tatsuniyoyi ke bayarwa game da arzikin daji: a yi adalci wajen rabo. Idan aka ɗauki wannan ma'auni zuwa Wari-Maro, mai katako da mai gawayi da manomi da makiyayi suna iya raba dajin da adalci, kowa ya gamsu, dajin kuma ya ƙare.

4.3 Zuciyar Giwa

Akwai tatsuniyar da ta fita daban. Gizo ya gano hanyar shiga cikin wata babbar dabba, a wasu ruwayoyi giwa ce, a wasu kuma saniyar sarki. Kullum yakan shiga ya yanko kitse da tsoka ya fito, dabbar tana nan da ranta. Sharaɗi ɗaya ne, kada a taɓa zuciya. Ranar da aka zo da mai zari, sau da yawa kura, ta ga zuciya tana reto ta kasa haƙuri ta yanke, sai dabbar ta faɗi, hanyar fita ta rufe, masu ci suka maƙale a ciki har mafeɗa suka zo.

Wannan ce tatsuniyar da ta fi kusa da tunanin kiyaye muhalli, kuma ƙarfinta yana cikin zubinta. Masu ci suna cikin abin da suke ci, don haka faɗuwarsa ita ce kamuwarsu. An yarda a ɗiba, an kuma nuna wurin da ba a taɓawa. Hukuncin bai fito daga hannun wani sarki ko aljani ba, daga aikin kansa ya fito. Makiyayin da ya sare reshen madobiya ya bar kututture, kitse ya yanka, baɗi zai dawo ya sami ganye. Mai injin yankan katako da ya kayar da ita daga gindi, zuciya ya yanke. Haka kuma kurmin da ke bakin rafukan da ke zuba a Weme da Okpara, kogin da madatsarsa ke shayar da Paraku, yana matsayin zuciya ga sauran ƙasar.

Duk da haka akwai rauni. Gizo yakan tsira a ƙarshe da wata dabara, wani lokaci har ya ci riba, masu sauraro kuma dariya suke yi. Gobe akwai wata giwar. Tatsuniyar ta hango mutuwar dabba guda, ba ta hango ƙarewar giwaye ba.

4.4 Ɓaunar da ta Zama Mace

Tatsuniyar ɓaunar da ta rikiɗa ta zama budurwa, ta auri maharbi ko ɗansa don ta ji asirin da yake kashe danginta da shi, ita ce ta ba dabba baki ta faɗi kukanta. Mai sauraro yana jin cewa namun daji suna lissafin waɗanda aka kashe musu. Amma da labarin ya zo ƙarshe, tausayi yana wajen maharbi, darasin kuma ya koma kan riƙe asiri da rashin sakin baki ga mace. Kukan dabbar ya zama tsani kawai da aka taka aka kai ga wani jigon.

5.0 Karin Magana: Sunan da ya Fi Mai Shi Daɗewa

A karin magana ne zurfin sanin Bahaushe ga halittu ya fi bayyana. Wanda ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya ga ɗan barewa. Wanda ya ce inuwar giginya na nesa ka sha, ya zauna a gindinta da rana. Ungulu ba ta jewar banza, ba a ba kura ajiyar nama, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, giwa a garin wani zomo ce: kowanne daga kallon ido ya fito. Littafin J. M. Dalziel na sunayen tsirrai a Hausa, na 1916, da ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934, shaidu ne kan yawan wannan sani.

Matsalar ita ce karin magana ba ya tsufa tare da abin da ya haife shi. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su fi kimanin 400 ba, mafi yawansu kuma suna dajin W da Arli da Penjari, inda Benin da Nijar da Burkina Faso suka haɗu. Amma zaki yana nan cike da bakin maroƙa. Ungulun da ke sauka a mahauta, wadda dā ba mai kallonta sau biyu, a 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne cinikin kanta da sassanta don magani da tsafi a kasuwannin Nijeriya da Benin. Yaron da ya tashi a Zangon Paraku ko a Fagge yana iya cewa an yi masa ungulu da kan zabo, ya kuma faɗe shi daidai, alhali bai taɓa ganin jewar ungulu ba.

A nan ne adabi ke iya yaudarar mai shi. Muddin sunan dabba yana yawo a baki, kunne ba ya jin rashinta. Harshe ya zama kamar gidan da aka bar fitila a kunne bayan masu shi sun tashi. Aikin mai tarke shi ne ya riƙa tambayar kowane karin magana ko mai sunan yana nan.

6.0 Gandu da Kurmi da Hurumi

Saura a duba kalmomin da ake kiyaye daji da su. Abin da Faransanci ke kira keɓaɓɓen daji, bisa dokar 4 ga Yuli 1935 ta ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, da abin da Ingilishi ya kafa a Nijeriya, duka Hausa ta fassara su da gandun daji. Gandu kuwa a asali babbar gona ce ta maigida ko ta sarki, wadda ƙanana ke yi wa aiki, amfanin kuma ba nasu ba. Fassarar ta faɗi gaskiyar yadda talaka ya ga abin: daji ya tashi daga na kowa ya koma na hukuma, da ma'aikaci mai kaki da tara. Wanda ya saci itace a gandun hukuma ba ya jin ya cuci maƙwabcinsa. Dokar daji ta Benin ta 2 ga Yuli 1993 ta buɗe ƙofar shigar da mutanen ƙauyukan gefen daji cikin kula da shi, amma duk mai fassara wannan manufa da kalmar gandu, bakinsa yana cewa naku ne, kalmar tana cewa ba naku ba ne.

Kurmi yana da wani tarihin. A Benin an ƙidaya kurame masu alfarma 2,940 a 1998, yawancinsu ƙanana, waɗanda tsoron abin bauta ya tsare, a 2012 kuma gwamnati ta ba su matsayi a doka. A cikin garin Jugu akwai ƙaramin kurmin Kilir, kusa da unguwar sarki, wanda gine-gine suka daɗe suna gutsura. Bahaushe ya san irin wannan. Camfin da ke cewa tsamiya da kuka gidajen iskoki ne ya hana gatari taɓa itatuwa masu yawa. Tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara da ake tsoro, yau kuwa abin da ya rage shi ne sunan Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Darasin shi ne, kariyar da ta dogara ga tsoro kaɗai takan faɗi ranar da tsoron ya gushe, kuma ba za a roƙi Musulmin zango ya koma tsoron iskoki don a tsirar da itace ba.

Kalma ta uku ita ce hurumi, wato filin da jama'a suka keɓe don amfanin kowa, kamar makiyaya da maƙabarta da kewayen rijiya, ba mai noma shi, ba mai mallakarsa. Tana da tushe a fiƙihu, Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu kan hukunce-hukuncen ƙasa da suka haɗa da irin wannan keɓewa. Fifikonta a kan gandu shi ne, wanda ya ci hurumi jama'a ya ci, kowa kuma yana da bakin tsawata masa. Fiƙihun da ya ba da kalmar raya matacciyar ƙasa, shi ne kuma ya ba da kalmar da ke iyakance ta.

Misalin da ya nuna cewa kalma tana iya juyawa yana Maraɗi. Tun daga 1983, da ƙarfafawar wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, manoma suka fara barin tohon kututture a gona, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su rage sauran. Aka kira abin sassaben zamani. Kalmar da dā take nufin a share komai, ita ce ta koma nufin a zaɓa a bari. An ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 ta sake yin itatuwa a kudancin Nijar ta wannan hanya. Ba a ƙirƙiro baƙuwar kalma ba, tsohuwar aka ba sabon aiki. Wannan kuma yana tunatar da gargaɗin James Fairhead da Melissa Leach na 1996, waɗanda suka nuna cewa kuramen da ke kewaye da ƙauyukan Kisidugu ta Gini mutane ne suka raya su. Manomin Borgu da ke barin kaɗanya da ɗorawa a gonarsa shi ma mai kiyayewa ne, ko da ba a rubuta sunansa a wani shiri ba.

Akwai kuma sabon haɗari ga kalmar daji kanta. Ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da Penjari a 2017, da ɓangaren Benin na W a 2020, amma masu ɗauke da makamai sun shiga yankin, a Fabrairun 2022 ma an kashe masu gadin daji a W. A labaran Hausa na Nijeriya kuwa, Rugu da Kamuku da Sambisa sun zama sunayen maɓoya. Tsohon hoton tatsuniya, na daji gidan dodo, ya dawo da bindiga a hannu, mai jin tsoro kuma abin da zai fara roƙo shi ne a share dajin. Mai fassara da mai rahoto suna da alhakin raba ɓarawo da itacen da ya ɓuya a bayansa.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa adabin bakan Hausa ya zana daji a matsayin wuri marar iyaka, marar mai shi, mai ban tsoro, mai kuma ciyarwa, hoton da ya dace da zamanin ayari amma bai dace da abin da ke tsakanin Paraku da Jugu a yau ba. Ba a nufin a ɗora wa tatsuniya laifin gatari, domin yunwa da kasuwa da yawan jama'a su ke sare daji. Abin da ake nufi shi ne, adabin bai tanadi kalmar da za a ji zafin rashin da ita ba, sai a 'yan wurare: sharaɗin zuciyar giwa, da hurumi, da sassaben da aka juya. Daga nan ya kamata mai rubutu da Hausa ya ɗebo.

Aikin da ya rage na ɗalibai ne. Ana so kowane ɗalibi ya tattara karin magana ashirin masu sunan itace ko dabba daga bakin tsofaffin unguwarsu, ya tambayi mai faɗa yaushe rabonsa da ganin abin da ya ambata, a ina kuma ya gan shi, ya rubuta amsar a gefen kowanne. Sannan ya ɗauki tatsuniya guda ya sake nazarinta, yana mai tambayar abin da ya sami itacen ko kogin ko dabbar bayan da taurari suka koma gida.